Lokacin Da Gulbi Kan Cika A Ƙasar Gobir

Duk wanda ya san ƙasar Sabon Birni da Isa ya san gulbi ba ya zama da fuska ɗaya duk shekara. Da rani Gulbin Maraɗi yakan koma rairayi tsantsa, jakuna da amalanke na ratsa cikinsa, mata na tonon ruwa a gindinsa. Amma da zarar iskar damina ta taso daga kudu maso yamma, watau daga Tekun Atlantika, sai al'amari ya sake.

A watannin nan ne, daga Mayu zuwa Satumba, igiyar teku kan yi girma a Tarkwa Bay ta Ikko, inda samari kan hau allo su bi bayan ruwa. Waccan igiya daga guguwar kudancin Atlantika take tahowa, tafiyar dubban mil. Tamu ma daga nesa take, ko da yake ba ta kai haka ba. Ruwan da aka sheƙa a Katsina da Zamfara yakan gangaro ta Bunsuru da Gagare, Gulbin Maraɗi kuwa ya zaga ta Jamhuriyar Nijar ya komo, dukansu su haɗu a Rima. Don haka mutumin Unguwar Lalle na iya kwana sama garau, ya wayi gari gulbi ya cika maƙil da jan ruwa, yana ɗauke da kara da itatuwa.

Agusta da farkon Satumba su ne kwanakin tsoro. Masu fito sun san alamu, kumfa da sauyin launi da ƙugin ruwa, sai dai ran kasuwa kwaɗayin kuɗi yakan rinjayi sani. A Satumban 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima, ƙasa da madatsar Goronyo. A Agustan 2025 kuma jirgin da ke kai mutane kasuwar Goronyo ya kife da fasinja fiye da 50.

A ganinmu, ya kamata ƙananan hukumomi su kafa ma'aunin ruwa a kowace mashaya, su riƙa samun labari daga Jibiya da Maraɗi kafin ruwan ya iso, su kuma ƙayyade yawan mutanen da jirgi zai ɗauka.

Cikin Oktoba ruwa yakan janye, ya bar laka a fadama, manoman albasa su shiga gyaran kwami.