Ba Kowane Ƙwannafi Ba Ne Olsa

Jama'ar Nyanya, wata ɗabi'a tana yaɗuwa a cikinmu, kuma tana cin mutane a ɓoye. Da ƙirji ya ɗau zafi, sai mutum ya yanke wa kansa hukunci: "Olsa ce." Ya leƙa kemis ya sayi omeprazole, ko ya jiƙa jar kanwa ya kora. Shekaru su wuce likita bai gan shi ba.

Alhali wani ƙwannafin daga zamewar tumbi zuwa ƙirji yake. Akwai tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, da 'yar kafa inda bututun abinci ke bi. In kafar ta saki, saman tumbi sai ya kutsa sama, tsamin ciki ya riƙa dawowa maƙoshi. Wannan cuta ta fi kama wanda ya haura shekara 50, da mai teɓa, da mai juna biyu. Ɗaukar kaya mai nauyi da tsohon tari suna ƙara ta.

Zaman garin nan kuwa rura ta yake yi. Ma'aikaci ya baro Garki, ya maƙale a cunkoson AYA zuwa gadar Nyanya, bai isa gida ba sai goma ta gota. Ya danna tuwo ko indomin mai shayi da yaji, ya haɗiye diclofenac saboda ciwon baya, ya miƙe a katifa. Tsakar dare sai ya farka da tsami a baki, yana tari. Tsamin nan in ya daɗe yana ƙona bututun abinci, yakan ƙuntata shi, wani lokaci har ya share wa ciwon daji hanya.

A rage lomar dare, a bar awa 3 tsakanin ci da kwanciya, a ɗaga wajen kan gado da kamar santimita 15, a bar taba. Amma gane cutar sai an zura kyamara ta baki ko an ɗau hoto.

Wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko yake ramewa, ko ya ga baƙin bayan gida ko jini a amai, ya wuce kemis. Ciwon ƙirji mai tsanani da gumi ma yana iya zama na zuciya. Don Allah kada a jira gari ya waye, a nufi Babban Asibitin Nyanya ko asibiti mafi kusa.