Tsargiya A Ƙasar Noman Rani: Wa Take Kamawa, Kuma Ta Yaya?

Tun da aka gama Dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya shiga gonakin Kura, Bunkure, Kadawa da Garun Malam. Shinkafa, alkama da tumatir sun wadata. Amma ruwan da ke tafiya a hankali cikin magudanai shi ne mazaunin wani ƙaramin dodon koɗi, kuma ta wurinsa tsargiya take yaɗuwa.

Bari mu duba yadda abin yake. Mai tsargiya yakan fitar da ƙwayayen tsutsa cikin fitsarinsa. In ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe, su shiga dodon koɗi. Bayan 'yan makonni sai ƙananan tsutsotsi su fito da yawa, musamman da tsakar rana, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Sukan girma cikin jijiyoyin jini kewaye da mafitsara, su shekara da shekaru suna ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851.

Ma'aikatan lafiya sukan karɓi fitsarin 'yan makaranta, su ƙirga ƙwai da madubin likita. Ƙirgan nan ya nuna cewa cutar ba ta kama kowa daidai. Ta fi yawa ga yara masu shekara 10 zuwa 14. A ƙasar Hausa yara maza sukan fi 'yan mata kamuwa, domin su ne ke iyo da rana tsaka. Manoman rani da masunta suna cikin haɗari kullum. Ƙauyen da ke bakin magudana yakan fi na tudu. Mata masu wanki a ruwan su ma sukan kamu, har ta taɓa mahaifa, amma kunya takan sa su yi shiru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne suka bukaci magani, akasarinsu a Afirka. A 2022 ta ba da shawara cewa inda mutum 10 cikin 100 suka kamu, a ba kowa magani sau ɗaya a shekara, tun daga ɗan shekara 2.

Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, ciwo ne. In aka ƙyale shi, yakan jawo ƙarancin jini, ciwon ƙoda, har da kansar mafitsara. Sunan maganin Praziquantel, a kan sha shi bayan an ci abinci. Amma wanda ya warke yana iya sake kamuwa in ya koma ruwan.

Saboda haka, iyaye, ku tambayi 'ya'yanku yadda fitsarinsu yake. Ku bar su su sha maganin sa'ad da aka kawo makaranta. Ku ajiye ruwan wanka kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Mu gina masai, kada kowa ya yi fitsari a magudana, gama ruwan da ya wuce gonarka gonar maƙwabcinka za shi.