KAREN TSINTUWA: SHAWARAR WA ZA A BI?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Gumel a Jihar Jigawa, ya aiko mana da takarda yana cewa wani kare da ba a san mai shi ba ya laɓe a gindin rumbunsa yau kusan mako 2, ga shi kuwa dama yana bukatar kare mai gadi saboda ɓarayi. Wani ya ce masa ya ɗaure shi da sarƙa ya riƙa ƙwarar sa da abinci don ya yi zafi, wani ya ce ya kore shi, wani kuma ya ce tunda yana kaɗa wutsiya ai ba shi da wata illa. Ya ce ya kuma ji wai a ƙasashen Turai akwai gidajen da ake tara irin waɗannan karnuka ana ba mutane su riƙe. Yana tambaya ko gaskiya ne, kuma shawarar wa ya kamata ya bi.

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka, Allah ya ƙara albarka a gona da kasuwa. Abin da ka ji gaskiya ne. A birnin Landan na Ingila akwai wani gidan karnuka da ake kira Battersea, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa tun a shekarar 1860 domin karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar. Har yau yana nan yana aiki, kuma akwai irinsa da yawa a Turai da Amurka. Tun daga 2016 ma doka ta wajabta wa mai kare a Ingila ya sa a dasa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar da za a gano mai shi in ya ɓata.

Amma abin lura shi ne yadda suke aikin. Ba a kawo kare yau a miƙa wa wani gobe. Likitan dabbobi zai duba shi, a yi masa allurai, sannan ma'aikatan da suka daɗe suna hulɗa da karnuka su zuba masa ido: yaya yake yi in an matso kusa da abincinsa, yaya yake da sauran dabbobi, me ke firgita shi. Shi ma mai son ɗauka sai ya sha tambayoyi, ko akwai ƙananan yara a gidansa, ko ya taɓa riƙe kare. Wato su da suka ga dubban karnuka ba su yanke hukunci a kan karen da ba su gani ba. Wannan shi ne darasin farko gare mu.

Dalili kuwa shi ne, halin kare yana fara ginuwa ne tun yana ɗan kwikwiyo, musamman daga mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci, kamar yara da awaki da kaji, yakan zauna da shi lafiya. Abin da bai sani ba, ko wanda ya taɓa cutar da shi, yakan ji tsoronsa, kuma tsoro na daga cikin manyan abubuwan da ke sa kare cizo. Karen tsintuwa ba ka san inda ya taso ba. Wataƙila ya sha jifa a hannun yara, wataƙila kuma karen farauta ne da ya saba bin duk abin da ya ruga a guje.

Saboda haka mai ba ka shawara ta gari alamunsa uku ne. Na ɗaya, zai yi maka tambayoyi kafin ya ce komai. Na biyu, zai taka ya zo ya ga karen da idonsa, don gani ya kori ji. Na uku, in an zo wurin da saninsa ya ƙare zai ce ka je wajen malamin dabbobi. Wanda ya taɓa riƙe kare ɗaya mai sanyin hali, halin karensa kawai ya sani. Amma tsohon mafarauci ko makiyayi da karnuka da yawa suka bi ta hannunsa, yakan hango abin da kai ba ka gani ba. Zai lura in kare ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa baya, yana yawan lasar baki ko hamma ba gajiya, ko ya sandare wuri ɗaya yana kallonka ta gefen ido. Duk waɗannan gargaɗi ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Yanzu bari mu auna shawarwarin da aka ba ka. Ɗaure kare dare da rana tare da hana shi abinci ba ya mai da shi mai gadi. Abin da yakan haifar shi ne kare mai cizon duk wanda ya matso, kuma wanda ya fi matsowa ba ɓarawo ba ne, yaron gida ne. Karen da ya ƙoshi, ya san mutanen gida, shi ne ke bambance baƙo ya yi haushi. Batun kaɗa wutsiya kuma, ba kullum ne yake nufin murna ba; kare kan ɗaga wutsiya a sandare yana kaɗawa dab da zai kai cizo. Sannan in ya yi gurnani kada a doke shi, a ja da baya, domin in ka hana shi gurnani da sanda, wata rana zai yi cizon ba sanarwa. Shi kuwa wanda ya ce ka kore shi, ya yi kusa da gaskiya in ba ka da halin kula da shi, sai dai kora kawai tana mai da matsalar ƙofar maƙwabci ne.

Sai dai Malam, akwai wurin da ƙwarewar kowa take tsayawa, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, takan shiga ta cizo ko yakushi ko lasar rauni. Takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. A tsawon wannan lokaci kare yana nan garau, babu mafaraucin da zai gane da ido. Kuma ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane yana dalalar da miyau ba. Wani sai dai ya yi laushi, haɓarsa ta saki kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakin irin wannan kare da sunan taimako.

Ko ƙwararrun ma abin yakan shige musu duhu. A 2019 an sami ciwon a jikin wani kare da masu ceton karnuka suka kai Amurka daga Masar, a 2021 kuma aka sake samun wani daga ƙasar Azarbaijan. A cikin 2021 ɗin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta dakatar da shigo da karnuka na wani lokaci daga ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, saboda yawan takardun allura na jabu. Ita ma Ingila ta yi shekara da shekaru tana tsare duk karen da aka shigo da shi har wata 6, sai a 2000 ta fara sassautawa.

To ga abin da muke ba ka shawara. Fara da cigiya ta hannun mai unguwa da sarkin kasuwa, mai yiwuwa karen na da mai shi. In ba a samu ba, ka je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku, malamin dabbobi ya duba shi, ya yi masa allurar rigakafin hauka, ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, ya kuma gaya maka tsawon lokacin da za ka keɓe shi. Ka karɓi takardar shaida, ka riƙa sabunta allurar yadda ya tsara maka. A Nijeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana harhaɗa alluran rigakafin dabbobi. Ka sani allura ba ta da tabbacin warkar da karen da ya riga ya kamu, shi ya sa keɓewar take da muhimmanci. Ka tanadar masa inuwa da ruwa da abinci a kan lokaci, mutum ɗaya babba ya riƙa kula da shi, kada a bar yaro da shi su kaɗai, kada kuma a taɓa shi yana cin abinci ko yana barci.

In kuwa tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba, a cika ta yadda likita ya ce. A tsare karen kwana 10 ana lura da shi, amma kada a zauna jiran kwana goman kafin a je asibiti. Masu cewa a ƙona gashin karen a shafa, ko a ɗaure wurin da ganye a zauna gida, shawararsu tana iya cin rai, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Tun 1885 da masanin nan na Faransa Louis Pasteur ya ceci wani yaro da allura aka san cewa gaggawa ita ce maganin.

Daga ƙarshe muna jan hankalin masu ba da shawara a majalisa da bakin kasuwa. In ba ka ga karen ba, ka ce ba ka gan shi ba. In ka san halin kare amma ba ka san ciwo ba, ka faɗi wanda ka sani ka tura mutum wajen malamin dabbobi. Rigakafi ya fi magani. Da fatan Malam ya gamsu, sai mun ji daga gare ku a wasiƙu na gaba.