Namiji Ma Ana Yi Masa Fyaɗe: Labarin Da Ya Kamata 'Yan Fim Su Taɓa

IDAN aka nuno mace ta matsa wa namiji lamba a fim, dariya ake yi. Je ka majalisar samari a Soron Ɗinki ka tada zancen, sai ka ji an ce, "Kai malam, ai gaba ta kai shi!" To amma fa abin ba na dariya ba ne.

Mai karatu, tuna ƙissar Annabi Yusuf (AS). Matar mai gidansa ce ta kulle ƙofofi ta neme shi, ya ƙi, kuma shi aka kai kurkuku. Ashe an daɗe da sanin ana iya tilasta wa namiji.

Ko kun san Terry Crews, ƙaton jarumin nan na Amurka? A 2017 ya fito ya ce wani babba a harkar fim ya taɓa masa al'aura a wurin liyafa. A 2018 har gaban Majalisar Dattawan ƙasar ya je ya ba da shaida. Ƙwanjinsa bai hana ba. A Ingila kuwa, a 2020 kotu ta ɗaure Reynhard Sinaga rai-da-rai kan cin zarafin maza 48, bayan ya riƙa sa masu ƙwaya a abin sha.

To mece ce yarda? Ita ce mutum baligi, cikin hayyacinsa, ya amince ba tsoro, ba barazana. Shiru ba yarda ba ne. Mai barci ko wanda aka bugar ba shi da yarda. Yaro kuwa, almajiri ne ko yaron shago, ba a ma maganarta, ko da an saya masa waya.

Sashe na 282 na kundin Penal Code mace kawai ya sani a batun fyaɗe. Dokar VAPP da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ce ta haɗa da namiji, sai dai kowace jiha sai ta karɓe ta kafin ta yi aiki a cikinta.

Wanda abin ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya ɓoye. Akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, ba nisa da Soron Ɗinki. A je da wuri, domin maganin rigakafin ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Laifin na wanda ya aikata ne, ba naka ba.

Saura ku, furodusoshi da marubuta. An yi na kishiya, an yi na auren dole. Wa zai fara wannan?