Nonon Tinya Da Ciwon Dajin Fata

Ya ku 'yan'uwana mata, tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya biyo hanyoyinsa zuwa Kura da Kadawa da Bunkure, aikin rani bai bar kowa ya zauna ba. Maza suna cikin shinkafa da tumatir, ku kuma kuna bakin wuta kuna turara shanshera. To, a nan ne na ke so mu yi magana a kan fata.

Baƙar fata tana da garkuwa daga rana, saboda haka dajin fata a wurinmu ya fi fitowa ta wasu ƙofofi. Ya kan fito cikin gyambon da ya shekara bai warke ba, ko cikin tsohon tabon ƙuna, ko ya zo kamar baƙin tabo a tafin ƙafa yana faɗi a hankali. Zabiya kuwa, Allah sarki, rana kanta ita ke jawo musu shi tun da ƙuruciya.

Na sani kadan irin wannan ya samu mutum, abin da a ke fara tunawa shi ne nonon itace: na tinya, ko aguwar shinge, ko tumfafiya. Kada ku ce kakanninmu ba su san kome ba. Malaman kimiyya sun tace nonon tinya, sun sami wani sinadari mai tsananin zafi, har suka raɗa masa suna tinyatoxin, watau dafin tinya, da sunanmu na Hausa. Maganin nan vincristine da likitoci ke yi wa masu daji allurarsa tun 1963, daga wani fure na Madagaska aka samo shi.

Amma ku ji labarin wata 'yar'uwar tinya. Ƙaramar ciyawa ce mai nono, Turawa sun daɗe suna ɗiga nononta a fata. Masu bincike a Ostareliya suka fid da sinadarinta, aka yi man shafawa mai suna Picato, Amurka ta yarda da shi a 2012 don ƙurajen da rana ke haifarwa kafin su zama daji. Mutane suka yi ta murna. Da aka bi waɗanda suka shafa shi shekaru, sai aka ga daji ya fi fito musu bisa ga masu shafa wani maganin dabam. A 2020 hukumar magunguna ta Turai ta hana sayar da shi. Wannan fa magani ne da aka tace, aka auna, aka gwada. Ina ga ɗanyen nono da aka tsinko a bayan gida?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, nonon ya kan cinye saman ciwon, wuri ya yi ɓawo, a ce an sami sauƙi, alhali saiwar tana can ƙasa tana tafiya. Kafin a je asibiti watanni sun wuce, abin da likita zai yanke da 'yar wuƙa ya zama sai an cire ƙafa. Kadan kuma nonon tinya ya fantsama a ido, yana iya makantarwa.

Gyambon da ya wuce wata guda, ko tabon ƙunar da ya fashe yana ruwa, ku kai shi asibiti tun yana ƙarami. Likita zai ɗebi ɗan naman wurin a duba. Ku 'yan makaranta, kadan akwai zabiya a gidanku ko ajinku, ku faɗa wa uwarta ta nema mata malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, kuma kada a aike ta gona da tsakar rana.