Ban-Ruwa: Abin Da Ke Sa Wuƙa Ta Riƙe Kaifi

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, cikin Jihar Katsina, noma shi ne babbar sana'a. Ana noman masara da dawa da auduga. Satar shanu da ta addabi wannan yanki ta raba manoma da yawa da shanun huɗa, har suka koma ga fartanya da garmar hannu. Saboda haka maƙeri ya zama abokin kowane gida. Amma sau da yawa mutum yakan sayi lauje ko wuƙa a kasuwa irin ta Sheme, kafin mako guda bakin ya lanƙwashe ko ya ɓantare. Kuɗi sun tafi, ga kaka ta tsaya. Me ke kawo haka? Yawanci laifin ban-ruwa ne.

Ƙarfe iri-iri ne

Kakanninmu suna narka tama su fitar da ƙarfe. Maƙeran yanzu kuwa tsohon ƙarfe suke saye. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi ruwa shi ne wani sinadari da ake kira kabon, wato irin abin da ke cikin gawayi. Rodin gini yana da kabon kaɗan ƙwarai, don haka kome ruwan da aka ba shi ba zai yi taurin kirki ba. Sifirin mota yana da wajen kashi 0.6 cikin 100, tsohuwar magagari kuwa ta kai kashi 1. Shi ya sa maƙeri mai gaskiya yake neman waɗannan biyu idan zai ƙera abin yanka.

Mataki na fari: taurara

Bayan an gama ƙira, sai a mai da wuƙar cikin gawayi, an fi son na ƙirya, a yi ta zuga a hankali har bakin ya yi ja bai ɗaya. Maƙera sukan yi wannan a inuwa, gama cikin hasken rana ido ba ya ganin ainihin jan. Akwai gwaji mai sauƙi: idan zafi ya kai digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, maganaɗisu ba ya kama ƙarfe. Daga nan sai a ƙara wuta kaɗan, zuwa wajen digiri 800 ko 830, a tsoma nan da nan. Idan an bar shi ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone ke nan, zai yi gautsi.

Ruwa yana sanyaya ƙarfe da sauri ƙwarai, har yakan tsaga sifirin. Mai ya fi sauƙi a kansa. Man gyaɗa ya fi baƙin man mota, domin hayaƙin baƙin mai yana cutar ƙirji. A yi hankali kuma, mai yakan kama wuta. Kada yara su tsaya kusa.

Mataki na biyu: sassauta

A nan ne masu gaggawa suke cutar mai saye. Wuƙar da ta fito daga ruwa tana da tauri, amma tana iya karyewa kamar kwalba. Dole a goge bakin ya yi haske, a ɗora gadon bayanta a kan garwashi, ana lura da launi. Idan bakin ya yi launin busasshen kara, wajen digiri 220 ke nan, ya isa ga wuƙa da aska. Adda da gatari, masu shan sara, ana barinsu su kai ruwan ƙasa ko shunayya. Shuɗi sosai, wajen digiri 300, ya yi wa wuƙa laushi.

Ƙarfen da ba ya tsatsa

A shekarar 1913, a birnin Shafil na Ingila, wani masanin ƙarfe mai suna Harry Brearley ya haɗa ƙarfe da sinadarin kuromiyam, ya sami wanda tsatsa ba ta cinsa da sauƙi. Shi ne muke kira silba. Kowane irinsa yana da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Na wuƙa sai an kai shi digiri 1,000 zuwa 1,050, a riƙe shi a nan na wasu mintoci, kuma a kāre shi daga iska. Masana'antu suna yin haka cikin tanda mai ma'aunin zafi. Zuga-zugi yana iya kai wannan zafi, amma riƙe shi daidai yana da wuya, gwajin maganaɗisu kuma ba ya nuna lokacin da ya isa. Irin silbar da ake cokali da kwano da ita kuwa ba ta karɓar ruwa ko kaɗan. Wanda ya ƙera maka wuƙa da ita ya ba ka kwalliya ne kawai.

Shawara ga maigida da uwargida

Maigida, kafin ka biya, tambayi maƙeri irin ƙarfen da ya yi aiki da shi. Goga magagari a bakin. Idan ta ci shi da sauƙi kamar ƙusa, bai sha ruwa ba. Idan mai injin washi ya bar bakin ya yi shuɗi, ya kashe ruwan, don haka ka sa shi ya riƙa tsomawa cikin ruwa.

Uwargida, kada ki tona wuta da wuƙarki, kada kuma ki bar ta kan murhu. Ki wasa ta a dutse da ɗan ruwa. Wuƙar maƙera takan yi tsatsa, sai ki wanke, ki share, ki shafa mata ɗan mai.

Maƙerin da ya yi matakan nan biyu ya ɓata gawayi da lokaci fiye da wanda ya tsallake ɗaya. Idan kuɗinsa ya ɗara kaɗan, ku biya shi da farin ciki, gama laujensa zai kai ku kaka da yawa.