Wafil Ɗin Dankali: Karin Kumallon da Ba Ya Neman Fulawa

A gidaje da dama na Amurka, ƙamshin da ke tashi daga kicin da safiyar Lahadi na wafil ne, wata waina mai faɗi da ake gasawa a tsakanin ƙarafa biyu masu zafi har ta fito da ramuka reras a jikinta. Shekara da shekaru kayan haɗinta ba su canza ba: fulawar alkama, ƙwai, madara, man shanu da sukari, in ta gasu kuma a kwarara mata ruwan zaƙi. Sai a 'yan shekarun nan wani salo ya ɓullo wanda ya sallami fulawa da sukari baki ɗaya. Dankali ake gogawa, irin wanda muke kira dankalin Hausa, a haɗa shi da ƙwai da albasa da barkono da gishiri, a danne cikin ƙarfen gashi. Abin da ke fitowa na gishiri ne, bayansa ya soyu ƙayau, cikinsa da laushi, ana cinsa da soyayyen ƙwai ko ganye.

Wafil ɗin kansa tsohon abinci ne a Turai, musamman Beljiyam da Holan, kuma mutanen Holan ne suka ƙetara da shi Amurka tun ƙarni na 17. A ranar 24 ga Agusta, 1869, wani mutumin garin Troy a jihar New York mai suna Cornelius Swartwout ya yi rajistar ƙarfen gashin da ake ɗorawa a kan murhu ana juya shi, shi ya sa har yau Amurkawa ke bikin ranar wafil a 24 ga Agusta. Irin na birnin Brussels kuwa ya yi suna ne a babban baje kolin duniya da aka yi a New York a 1964, inda Maurice Vermersch da iyalinsa suka riƙa sayar da shi da kirim da 'ya'yan itace a kai. Duk wannan tarihi na alkama da zaƙi ne. To me ya kawo dankali?

Dalili na farko shi ne lafiya. Alkama na ɗauke da wani furotin mai danƙo da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin burodi ya yi yauƙi ya kumbura. Akwai masu cutar siliyak, kimanin mutum 1 cikin 100, waɗanda gulutin ke lalata musu bangon ƙaramin hanji, ya hana jikinsu tsotse amfanin abinci. A gare su barin alkama magani ne, ba ra'ayi ba. Bayansu kuma akwai ɗimbin jama'a da suka gaji da buɗe ranarsu da sukari, suna son abin da zai riƙe ciki har azahar. Dankali kuwa ga shi nan birjik a kasuwanninsu, domin jihar North Carolina kaɗai tana noma kaso mafi tsoka na wanda ake ci a ƙasar.

Tambayar da duk mai girki za ta yi ita ce: in an cire fulawa, me zai riƙe wainar kada ta wargaje? Amsar na cikin ƙwai da sitacin dankalin. Furotin ɗin ƙwai yana fara sandarewa da zarar zafi ya kai digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Selshiyos, sai ya kama silin dankalin da aka goga ya ɗaure su wuri guda. A daidai lokacin kuma sitaci yana shan ruwan da ke kewaye da shi, ya kumbura, ya yi kauri, ya toshe 'yan kafofin da suka rage. Aikin da gulutin ke yi shi kaɗai, a nan abu biyu ne suka raba shi.

Akwai kuma wani abin sha'awa da ke faruwa a cikin dankalin. Yana da sinadarin da ake kira amilas, wanda in ya ji ɗumi yakan farfasa sitaci ya mai da shi sukarin maltos. Wannan ne ya sa gasasshen dankali ya fi ɗanye zaƙi nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa wannan wafil ba ya buƙatar ko cokali ɗaya na sukari. Sukarin da ya fito daga jikin dankalin yana haɗuwa da furotin ɗin ƙwai a kan ƙarfe mai zafi, sai launi ya koma ja-ja, ƙamshi ya tashi. Masanin Faransa Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma ita ce dai ke ba tsire da ɓawon burodi launinsu. Ramukan ƙarfen ba ado ba ne kawai, suna ƙara faɗin wurin da kwaɓin ke taɓa zafi, don haka ɓangaren da ke soyuwa ya fi yawa.

Haɗin ba shi da wuya. A fere dankali matsakaita guda 2, a goga su a magogi, a zuba a tsumma mai tsabta a matse sosai. Wannan matsewa ita ce jigon aikin, domin ruwa in ya yi yawa tururi zai dafa wainar maimakon ta gasu, ta fito a jiƙe tana manne wa ƙarfe. Sai a fasa ƙwai 2, a sa yankakkiyar albasa, attaruhu kaɗan, gishiri, tafarnuwa ko citta ga mai so, da cokali ɗaya na mai. A bar ƙarfen ya yi zafi tukuna, a shafe shi da mai sama da ƙasa, a zuba haɗin a baje, a rufe. Ɗanyen dankali ya fi kwaɓin fulawa daɗewa a wuta, yakan ɗauki minti 6 zuwa 10. Gaggawar buɗewa ce ke raba wainar biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Alamar nuna ita ce raguwar tururin da ke fita ta gefe. Wasu kan dafa dankalin su marmasa shi kafin su haɗa, wannan ya fi saurin gasuwa amma ya fi laushi, kuma ya fi dacewa da yara ƙanana da tsofaffi.

Irin dankalin da aka zaɓa yana da muhimmanci. Na Amurka, irin su Covington da Beauregard, cikinsu ruwan lemo ne kuma suna da ruwa. Wanda ya fi yawa a kasuwannin Kano, Zariya ko Maraɗi cikinsa fari ne, ya fi gari, don haka ya fi saurin soyuwa. Sai dai farin ba shi da wani abin kirki na sinadarin bita-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke jawo dundumi, ya raunana garkuwar jikin yara, kyanda da gudawa su fi yi musu illa. Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru ta nuna cewa giram 125 na mai launin lemo ya isa ya biya buƙatar yaron da bai shiga makaranta ba ta bitamin A na yini guda. Saboda yaɗa wannan iri a Afirka ne aka ba Maria Andrade, Robert Mwanga da Jan Low, tare da Howarth Bouis, lambar yabo ta abinci ta duniya a 2016.

Nijeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noman dankali a duniya, kuma Cibiyar Binciken Saiwoyin Abinci ta Ƙasa da ke Umudike a jihar Abiya ta fitar da nata irin mai launin lemo, daga ciki akwai King J, Mother's Delight da Solo Gold. Abin takaici ne a ce ƙasar da ke sayo mafi yawan alkamarta daga waje, inda farashin burodi ke hawa kullum, tana da irin wannan abinci a gonakinta amma da wuya a gan shi a faifan karin kumallo sai dai soyayye a bakin titi. Bita-karotin yana narkewa ne a cikin mai, ke nan ƙwai da ɗan man da ke cikin wannan haɗi suna taimaka wa jiki ya amfana da shi sosai.

Akwai hattara guda. Rashin fulawa ba ya nufin rashin sitaci. Dankali abinci ne mai sitaci, kuma gasasshe ya fi dafaffe saurin ɗaga sukarin jini. Mai ciwon suga ya ci daidai gwargwado, ya haɗa da ƙwai da ganye kamar zogale ko alayyahu, ya kuma bi shawarar likitansa.

Ƙarfen wafil na lantarki ba kowane gida ke da shi ba, wutar ma ba kullum take samuwa ba. Amma tandar waina da ke kusan kowane gidan Bahaushe aiki iri ɗaya take yi: rami mai zafi, ɗan mai, da juyawa in gefe ɗaya ya yi. Bambancin kawai shi ne a rage wuta, a zuba haɗin kaɗan-kaɗan don cikin ya nuna kafin bayan ya ƙone. Uwargida da ke son gwadawa ta tambayi mai dankali a kasuwa ko yana da mai launin lemo a ciki, ta sa ya yanka mata ɗaya ta gani kafin ta biya. Yawan masu tambaya shi zai sa manoma su shuka shi.